Lilo Marar Jigo

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin nazarin adabi ya san tambayar farko da muke yi wa kowane rubutu: mene ne jigonsa? Mun gaji tambayar daga malamanmu, mu ma muna gadar da ita, har ta kai ga ɗalibi ba ya iya karanta waƙa ko labari ya ji daɗinsa sai ya tsaya farautar jigo tukuna. Amma kafin kalmar ta shigo aji, a fadama take zaune. Jigo shi ne doguwar sandar nan da mai lambu yake ɗaura wa guga a kai ɗaya, ya liƙa curin laka a ɗaya kan, yana sunkuyar da ita cikin rijiya yana ɗagowa da ruwa. Wato jigo na asali abu ne mai ɗaukar nauyi, in ya karye lambu ya bushe. Na kawo wannan ne domin gardamar da zan ba da labarinta a kan jigo aka yi ta, ko da yake abin gardamar wani tsohon lilo ne na ƙarfe a birnin Ikko, kuma waɗanda suka yi ta babu wanda ya taɓa zama a ajina.

Bari in fara bayyana irin lilon, domin ba kowane mai karatu ne ya taɓa ganinsa ba. Turawa suna ce masa rola-kosta, ni kuwa zan kira shi lilon dogo, saboda a kan dogo yake gudu kamar jirgin ƙasa, sai dai dogon nasa an ɗora shi bisa ginshiƙai, ya hau sama, ya gangaro, ya karkace, ya komo inda ya taso. Taragunsa ba su da inji ko kaɗan. Wata sarƙa ce take jan su sannu a hankali zuwa ƙololuwar tudun farko, daga nan ta sake su, sauran tafiyar duk nauyinsu ne yake yi musu. Shi ya sa tudun farko ya fi kowane tudu tsawo, domin abin da aka tara a hawansa shi ake ci har a iso gida. Ƙarar nan ƙas-ƙas-ƙas da ake ji lokacin hawa, wadda take tsinka zuciyar baƙo, ita ce ma alamar lafiya: wani harshen ƙarfe ne a ƙarƙashin tarago yake faɗawa cikin haƙoran da aka jera a jikin dogon, ta yadda ko sarƙa ta tsinke, ko an ɗauke wuta, taragon ba zai koma da baya ba. Ƙafafun kuwa kashi uku ne: masu gudu a bisa dogo, da masu riƙe shi ta gefe, da masu riƙe shi ta ƙasa don kada tarago ya yi sama ya bar hanya. Waɗannan na ƙasan wani Ba'amurke mai suna John Miller ne ya yi rajistar fasaharsu cikin 1919, kuma su ne suka ba magina damar yin gangara mai tsanani ba tare da an zubar da mutane ba.

To, me ya haɗa malamin adabi da wannan abu? Agege ce ta haɗa mu. Ni ba mazaunin Agege ba ne, amma yayana ya shafe shekara talatin yana sana'ar goro a can, kuma a gidansa nakan yi ƙaramar Sallah idan ta zo daidai da hutun jami'a. Agege, ga wanda bai sani ba, tsohon zangon Hausawa ne. Tun da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Ikko da Badun cikin 1901, sa'an nan dogo ya haɗe har Kano cikin 1912, fatake suka ga ba sai sun yi doguwar tafiyar Gwanja ba, ga goro nan a gonakin Yarabawa kusa da tasha. Suka sauka, suka kafa zango, suka yi sarki, suka hayayyafa. A yau akwai jikoki da tattaɓa-kunne a unguwar waɗanda bakinsu ya fi saurin juyawa da Yarabanci, amma in ka tambaye su garinsu sai su ce maka Kano ko Katsina, alhali ba su taɓa yin kwana goma a jere a can ba. Yaron Kano yana da hawan Daushe da hawan Nassarawa da gidan zu. Yaron Agege kuwa, in an sauko daga Idi, an ci tuwo, an zaga dangi, babban abin da yake jira shi ne a cika mota a fitar da shi daga unguwa, domin unguwa ce da gida ya hau kan gida, filin da yaro zai yi gudu bai taka kayan wani ba sai an tona.

Wurin da muke kai su a 'yan shekarun nan wani filin wasa ne na 'yan kasuwa, wanda ba zan ambaci sunansa ba, tafiyar awa ɗaya ko biyu daga Agege gwargwadon cinkoson hanya. Akwai dawakin roba masu zagayawa, akwai 'yan motocin karo, akwai wani gida mai duhu da aka zana wa fatalwa a ƙofa. Kowanne da hotonsa da sunansa da kiɗansa. A can ƙarshen filin, jikin katanga, lilon dogo yake tsaye tsirara. Ba shi da suna, ba shi da hoto, fentinsa da ya taɓa zama ja ya koma kalar ƙasa, kuma bai fi tsawon bene mai hawa uku ba. Amma layinsa ya fi na kowane wasa tsawo. Dattijon da yake tuƙa shi, wani Bayarabe mai 'yar Hausa a bakinsa, shi ya gaya mana a Sallar da ta wuce cewa masu wurin sun rabu biyu a kansa. Wasu sun ce a yi masa kwalliya, a gina masa kogo, a kafa kan dodo a bakin tasharsa, a sa fitilu, a raɗa masa suna. Wasu sun ce a tumɓuke shi a kawo wani daga waje, irin mai juya mutum ƙafa a sama. Ya faɗa mana ne kamar mai ba da labarin rashin lafiyar ɗan'uwa.

Da dare, a ƙofar shagon yayana, bayan an idar da lisha an ɗora shayi, sai maganar ta tashi. Babban ɗansa, wanda yake karatun injiniya a Yaba, shi ya fara, kuma ni ya nufa.

"Baffa, ai wannan ba lilo ba ne, tsani ne aka kwantar. Yanzu a duniya labari ake sayarwa a irin waɗannan wurare. Kana shiga ka zama matuƙin kumbo, ko mafarauci a daji. Wannan fa? Ka hau, ka sauko, shi ke nan. Ba ku ne kuke cewa rubutun da ba shi da jigo shirme ne ba?"

Yaya bai bari na amsa ba. Ya ce, "Malam, ƙyale shi. Ni abin da na sani, yara bakwai nake biya wa. Duk ranar da aka kafa wa abin nan kan dodo, kuɗin kan dodon a aljihuna za a cire shi."

Na ukunmu wani maƙwabci ne, mai walda, Basakkwace, wanda ya bi mu da nasa yaran a ranar. Ya daɗe bai ce uffan ba, sai da ya shanye kofinsa ya ce, "Alhaji, ni ban kalli fenti ba. Gindin ginshiƙai na yi ta kallo."

Na kwana ina juya waɗannan maganganu uku, kuma har na komo bakin aiki ban daina juya su ba.

Yaron yana da gaskiyarsa, kuma ba ƙarama ba ce. Tun da Walt Disney ya buɗe Disneyland a Kalifoniya cikin 1955, filin wasa ya tashi daga tarin injuna ya koma wurin ba da labari, kuma labarin yana aiki a jikin mutum, ba a idonsa kaɗai ba. Akwai wani lilon dogo da kamfanin ya buɗe a Fulorida cikin 1975, Space Mountain, wanda gudunsa bai kai kilomita 50 a awa ba, wato direban danfo da ya sami hanya a buɗe zai wuce shi. Amma da yake an rufe shi cikin gini mai duhu, an watsa taurari a rufi, an gaya wa mai hawa cewa sararin samaniya za shi, sai ya sauko yana rantsuwa cewa bai taɓa gudu irin wannan ba. Duhu da labari sun ninka abin da ƙarfe ya bayar. Mu ma a adabi mun san haka. Labaran da ke cikin Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya wallafa a ƙarshen shekarun 1930, da yawansu daga littattafan Larabawa da na Turawa aka ɗebo su, amma da ya sa su a bakin aku, a cikin fada, ya ɗinka musu riga ta Hausa daidai jikinsu, sai suka zama namu har mai karatu ba ya tambayar asalinsu. Saboda haka ba zan tsaya a gaban ɗan yayana in ce riga ba ta da amfani ba.

Sai dai rigar Imam an auna ta kafin a yanka. Abin da nake gani a filayen wasanninmu kuwa gwanjo ne: kan dodon da aka zuba da roba a wata ƙasa, ko hoton wani ɓera na fim ɗin Amurka da mai fenti ya kwaikwaya ya karkace masa baki. Wannan ba ya ninka komai. Damina biyu ta Ikko ta isa ta kwaɓe shi, daga nan sai ya zama ƙarin abin da ke neman gyara a wurin da tun farko gyaran ne ya gagara.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa lilon da ba shi da labari ba shi da daraja. A Coney Island, bakin teku a birnin Niyok, akwai lilon katako mai suna Cyclone da aka buɗe cikin 1927. Tsawonsa wajen mita 26 ne, tafiyarsa ba ta cika minti biyu ba, kuma ba shi da kogo ko dodo, katako ne da ƙarfe da farin fenti. A shekarun 1970 an so a rushe shi domin a faɗaɗa gidan kifayen da ke maƙwabtaka da shi, mutanen gari suka tashi suka hana, cikin 1988 hukumar birni ta sa shi cikin kayan tarihin da doka ta kare. Tun daga wajajen 2011 aka shiga sauya masa dogo gaɓa-gaɓa a lokacin hunturu, idan baƙi sun ɗauke ƙafa. Kakanni sun hau shi, jikoki suna hawa, kuma babu wanda ya taɓa saukowa ya tambayi mene ne jigonsa.

Haka na gani da idona a wurin yaranmu. Ba su jira masu wuri sun raɗa wa lilon suna ba, su da kansu suka sa masa Jirgin Kano. Tudun farko Dala suke ce masa, ko da yake a cikinsu biyu ne kawai suka taɓa ganin Dala. Lanƙwasar ƙarshe, inda tarago yake rage gudu yana ƙugi, ita ce Zariya, wai don an kusa gida. Ƙaramarsu, 'yar shekara takwas, takan rufe ido tun daga hawa, ta sauko tana ba da labarin garuruwan da ta wuce dalla-dalla. Waɗannan yara an haife su a gefen dogo, kakanninsu dogo ne ya kawo su, kuma garin da ake ce musu nasu ne yana can ƙarshen dogo. Da aka ba su dogo tsirara sai suka zuba masa labarin da suke da shi. Da an riga an kafa kan dodo a wurin, da labarin dodo za su karɓa, domin yaro ba ya gardama da abin da aka zana masa. Mu da muke koyar da adabin baka ya kamata mu fi kowa gane wannan. Lilon igiya da muka yi a reshen tsamiya ba shi da labari, langa ba ta da shi, amma ba mu taɓa jin sun gaza ba. Abin da suke bayarwa a ciki ake jin sa, wannan faɗuwar gaban da take zuwa tare da sanin cewa igiya ba za ta tsinke ba. Tsoro ne da aka sa wa linzami. In ana neman jigon lilon dogo da ma'anar mai lambu, wato abin da ya ɗauki nauyin kome, to wannan linzamin ne, kuma a cikin ƙarfe yake zaune. A nan ne maganar mai walda ta fi ta kowa nauyi.

Ƙarfe yana gajiya. Duk lokacin da tarago ya wuce, ginshiƙi yakan ɗan sunkuya ya miƙe, abin da ido ba ya gani, kuma bayan dubban wucewa sai wata 'yar tsaga kamar gashi ta buɗe, galibi a bakin walda ko a ramin ƙusa. Ga kuma iskar Ikko mai gishiri da laima, wadda take cin ƙarfe ta ƙarƙashin fenti, musamman a gindi inda ruwa yake kwanciya. Ido da guduma ba su isa su gano irin wannan tsaga tun tana ƙarama ba. Akwai na'urorin da ake aunawa da su, wata da maganaɗisu da garin ƙarfe, wata da sauti mai ratsa ƙarfe, kuma akwai mutanen da aikinsu ke nan, a nan Nijeriya ma kamfanonin mai suna amfani da su a kan bututu. Abin tsoro game da kwalliya shi ne, kogon roba da allon hoto suna rufe daidai wuraren da ya kamata a riƙa gani kullum. Mai walda ya iya kallon gindin ginshiƙai ne saboda lilon tsirara yake.

Amma kada mai karatu ya ɗauka cewa da an ce gyara an gama magana. Cikin mako guda na watan Yunin 2023 abubuwa biyu suka faru da suka isa su sanyaya gwiwar ɓangarorin biyu. A birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, a filin wasa na Gröna Lund, wani lilon dogo mai suna Jetline, wanda yake aiki tun 1988, ya goce daga hanya, mutum ɗaya ya rasu, tara suka ji rauni. Da hukumar bincike ta gama aikinta sai ta gano cewa ƙarfen da ya karye, wanda yake riƙe da ƙafafun tarago, ba na asali ba ne, yana cikin sababbin da aka sa aka ƙera domin maye gurbin tsofaffi, kuma waldarsa ba ta yi ƙarfin da ake bukata ba. Wato gyaran ne ya yi kisa. Daga bisani masu wurin suka yanke shawarar cire lilon gaba ɗaya. 'Yan kwanaki bayan haɗarin, a Amurka, a filin Carowinds, wani baƙo ya ɗauki hoton tsaga a saman ginshiƙin Fury 325, lilo mai tsawon kusan mita 100 wanda aka buɗe cikin 2015, shekararsa takwas kacal. Aka rufe shi, aka sauya ginshiƙin, aka sake buɗewa. Tsoho da aka gyara ya karye, sabo fil ya tsage. Na gaya wa mai walda labarin Suwidin, sai ya gyaɗa kai ya ce shi ma in aka kira shi ya ɗinke ƙarfen da ke ɗaukar 'ya'yan mutane a sama ba zai je ba, domin waldar ƙofa da tagogi daban, wannan daban. Na ƙara ganin girmansa a ranar.

Saura maganar a tumɓuke a kawo sabo. A kan takarda ita ce ta fi kyau, kuma da a wata ƙasa muke da ban yi jayayya da ita sosai ba. Amma mutumin Agege yana da dalilin da zai sa gabansa ya faɗi in ya ji an ce za a cire wani abu a kawo wanda ya fi shi. Ba wai ba a taɓa cika alkawari ba. Tsohuwar tashar jirgi ta tafi, an gina sabuwa a kan sabon dogon Ikko zuwa Badun da aka buɗe cikin 2021, ga kuma jirgin cikin gari na Jan Layi da aka ƙaddamar cikin 2024, kuma duk wanda ya san azabar hanyar Oshodi ba zai raina su ba. Gadar sama ta Pen Cinema, wadda aka buɗe cikin 2021, ta sauƙaƙa wa masu mota ƙetare dogo. Idan abin hawa ne na zuwa aiki, akan cire kuma akan kawo. Wurin shaƙatawar talaka ne ba ya dawowa. Ita kanta Pen Cinema, inda samarin unguwa suka yi kallon finafinan Indiya, sunanta ne kawai ya rage a bakin 'yan kwandasta. Bar Beach, inda iyayen waɗannan yara suka yi yawon Sallarsu, suka hau dawakin samarin Arewa a bakin ruwa, an cike ta da yashi an kafa Eko Atlantic a kanta, aka yi bikin ƙaddamarwa cikin 2013, kuma ba wurin da mai goro zai sauke yara bakwai daga danfo ba ne. A Badun, filin wasa na Trans da aka buɗe a ƙarshen shekarun 1980 a tsohon filin jirgin sama, wanda ya yi tashe har ana zuwa daga wasu jihohi, an bar injunansa suka yi tsatsa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe maganar yanka filin domin gina gidaje ce ta biyo baya. Na Apapa ne ya yi sa'a, bayan ya yi shekaru a rufe gwamnatin jiha ta haɗa hannu da wani kamfani aka sabunta shi. A Ikko, ƙasar da lilo yake tsaye a kai ta fi lilon tsada nesa ba kusa ba, kuma ranar da aka kwance ƙusa ta ƙarshe aka share wurin, mai shi zai ga fili, ya tuna da farashin fili. Tsakanin "a cire" da "a kawo" akwai rami mai zurfi, kuma kudin ƙasashen waje da ake sayen sabon da shi ba ya tsayawa wuri ɗaya ya jira kowa.

Ko an kawo ɗin ma, wane iri za a kawo? Sabon lilo daga masana'anta kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin fili irin wannan. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a sayo wanda wani filin wasa na Turai ya gama yayinsa ya kwance, a yi masa fenti a cikin kwantena, ya iso a matsayin sabo, kamar yadda motocin kwatano suke isowa. Sai a saki tsohon da dattijon nan ya san kukan kowace ƙusarsa, a kama wani tsohon da ba wanda ya san tarihinsa, mai sarƙaƙƙiyar na'ura da in ta lalace sai an jira injiniya daga waje. An saki reshe an kama ganye ke nan. Sa'an nan a ninka kuɗin shiga domin a mayar da abin da aka kashe, yaya ya tsaya a bakin ƙofa yana lissafin wanda zai hau da wanda zai yi kallo a cikin 'ya'yansa. Wannan lissafi na taɓa ganin wani uba yana yin sa a wurin, kuma ban so in sake gani ba.

Saboda haka da masu wurin za su tambaye ni, ko da yake ba wanda yake tambayar malamin adabi irin wannan, da na ce a fara da kiran masu auna ƙarfe, a rufe lilon mako biyu ko uku a lokacin da ba Sallah ba Kirsimeti, a bi ginshiƙai da waldodi ɗaya bayan ɗaya. In gindin yana da lafiya, a sauya sarƙa da ƙafafu da birki da sandunan da suke danne cinyar mai hawa, kuma a sayo su daga inda za a ba da takardar shaidar gwaji, kada a ba wani a bayan gari ya kwaikwaya. A kankare tsatsa, a yi fenti mai jure gishiri, ja ɗin nan dai da yake da shi tun farko. Kuɗin kan dodo a ba dattijon da yaransa horo da albashin da zai hana su barin aikin. In kuwa awo ya nuna ginshiƙan sun ruɓe ta ciki, to babu tsohuwar zuma a nan, a rufe shi ko da ranar Sallah ce, yara su yi kuka su share hawaye. Amma kada a kwance ƙusa ɗaya sai magajinsa ya sauka a tashar jiragen ruwa an gan shi da ido.

Ɗan yayana bai yarda ya sha kaye ba, kuma na ji daɗin haka. Da muka yi waya bayan na komo, ya ce to in dai sai an bar shi, a ƙalla a rubuta sunayen tashoshi a kan 'yan alluna a gefen dogon, daga Iddo, Agege, Abekuta, Badun, Ilori, Jaba, Minna, Kaduna, Zariya, har Kano, a sa wa dattijon hular ma'aikatan jirgi da usur. Na ce masa wannan rigar an auna ta, kuma kuɗinta bai fi na gwangwanin fenti biyu ba, sai dai ya tabbata allunan ba su rufe ko walda ɗaya ba. Ya ce zai rubuta wa masu wurin takarda, ni kuma in duba masa Turancin.

Akwai wani abu da na roƙi dattijon ya nuna mini kafin mu bar wurin a ranar, wato littafin da ake rubuta duban safe. Ya ɗauko wani littafin makaranta mai bangon kwali daga ƙarƙashin kujerarsa. Kowace rana da layinta: sarƙa, birki, sanduna, ƙafafu, zagaye uku babu kowa a ciki, sa hannu. Rubutunsa ne tun daga shafin farko, babu ranar da ya tsallake. A bangon baya akwai wani gurbi da ya ja wa layi da kansa domin sa hannun injiniyan da yake zuwa daga waje, kuma kwanan watan ƙarshe da ke wurin ya haura shekara biyu. Na gaya wa yaya abin da na gani. Ya ce Sallah mai zuwa za a cika mota kamar kullum, amma shi zai fara shiga ya nemi littafin, in gurbin nan yana nan yadda yake, yara su yi ta hawan dawakin roba.